Mai Aron Wata na Tungar Daudu

Da an sallame sallar asuba a masallacin Tungar Daudu, kowa sai ya lalubi takalminsa ya nufi gida ko gona. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya ɗaga kai sama yana dube-dube kamar wanda zabuwarsa ta tashi. Wannan shi ne Malam Abdulgaffar, shugaban makarantar firamaren ƙauyen, malamin aji ɗaya har zuwa aji shida, mai kaɗa ƙararrawa, kuma mai korar awaki daga cikin aji. Idan lokacin da Zara ke fitowa ta gabas ne, sai ya gyaɗa mata kai. Idan ba ta nan, sai ya kama duk wanda ya yi sakacin tsayawa kusa da shi ya yi masa bayani cewa ta koma yamma, sai da magariba za a gan ta, kuma ita ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu da ke zagaya rana. Mutanen gari sun ji wannan bayani har sun haddace shi, shi ya sa suke saurin neman takalma.

Daga nan sai gida. Matarsa Barira ta miƙo masa koko, ya sha a tsaye, ya ɗauki alli a aljihu, ya fita. Makarantar tana bayan gidansa, amma ba ya nufar ta kai tsaye. Sai ya bi lungu-lungu yana sallama a ƙofar kowane gida, yana tambayar lafiyar manya, yana leƙen ƙanana. Kafin ya isa makaranta rana ta ɗaga, kuma bayansa ya cika da yara, wasu da riga, wasu da niyyar sa riga.

Tungar Daudu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Ruma ta Batsari, dab da daji. Makarantarsa ɗaki biyu ce. Tun da aka kafa ta, ofishin ilimi na Batsari yake da magana ɗaya a kanta: makarantar da ba ta da ɗalibai ko ba ta da malami, rufe ta ake yi. Idan kuwa aka rufe ta Tungar Daudu, makaranta ta gaba tana da nisan da babu uwar da za ta saki ɗanta ya bi wannan hanya. Ke nan karatun boko ya ƙare wa yaran garin. Wannan rufewa ita ce abin da Malam Abdulgaffar ya kwashe shekarun aikinsa duka yana turewa, kuma da duniyoyin sama ya ture ta. Yanzu da ya yi ritaya, na ga ya kamata a faɗa wa mutane yadda aka yi, tun yana raye yana iya musantawa.

Ni sunana Hashimu, malamin firamare ne a garin Safana, kuma a hannunsa na koyi riƙe fensir.

A zamaninmu, kowace Alhamis idan an dawo daga hutun tara, Malam yakan fitar da mu fili. Ya kifa turmi a tsakiya, ya ɗora kabewa a kai, ya ce wannan ita ce rana. Sai ya ɗauki kara ya zana da'ira a ƙasa, wata bayan wata, kowace ta fi ta cikinta faɗi. Sannan ya zaɓi manyan yara ya raba musu duniyoyi. Yana son sunayen da malaman zaure suka sani, saboda haka a bakinsa muka fara jin Uɗarid da Zara da Mirrihi da Mushtari da Zuhal. Sai na can nesa, waɗanda ido ba ya gani, su ne ya bar su da sunayensu na boko, Yuranus da Naftun.

Idan ya tafa hannu, kowa ya fara zagaye. Uɗarid shi ne mafi kusa da rana, shi ne kuma mafi sauri, saboda haka duk wanda aka ba shi sai jiri ya kayar da shi kafin a tashi. Mirrihi jar hula yake sawa. Mushtari yaron da ya fi kowa girma a makaranta ake ba, ya riƙa tafiya yana ƙasaita. Zuhal tana da zobe, sai aka huda tsakiyar tsohon faifai aka zura mata a wuya. Yuranus kuwa Malam ya ce a kishingiɗe yake tafiya, don haka mai shi yakan yi zagayen da wuya a karkace, ya koma gida uwarsa ta shafa masa man zafi. Naftun yana can wajen wata kuka a bakin hanyar daji.

Ni Fuluto aka ba ni, saboda na fi kowa ƙanƙanta a ajinmu. Wurina yana bayan kukar ma, inda ko muryar Malam ba ta kaiwa. An ce mini in yi tafiya a hankali, don Fuluto sai ya yi shekara ɗari biyu da wani abu kafin ya zagaya rana sau ɗaya. Na ɗauki wannan umarni da muhimmanci ƙwarai, nakan sami inuwa in kwanta. Sau da yawa an tashi makaranta an manta da ni, sai yunwa ta tashe ni. Bayan shekaru, ina sakandare a Batsari, aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Na fito na tarar da Malam ya jingine kekensa, fuskarsa irin ta mai zuwa ta'aziyya. Ya kama hannuna ya ce, "Hashimu, sai haƙuri. Masana sun zauna, sun ce Fuluto ba ya cikin manyan duniyoyi, ƙaramar duniya ce. Na ce kada ka ji a bakin wani." Ya ba ni ƙuli-ƙuli a leda ya hau keke ya koma. Har yau ban taɓa ganin wanda aka sauke daga muƙami cikin mutunci irin nawa ba.

Amma duk wannan wasa ne. Inda dabarar take shi ne wajen watanni. Malam ya koya mana cewa ba duniyarmu kaɗai ke da wata ba. Tamu guda ɗaya gare ta, Mirrihi biyu, Mushtari da Zuhal kuwa nasu sun fi gaban yatsun hannu da na ƙafa. To duniyoyi manyan yara ne, watanni fa? Sai ƙanana. Ƙananan kuwa suna gida, iyaye ba su kawo su ba. Nan Malam ya ƙirƙiro sana'ar da ta ba shi suna a ƙasar Ruma, wato aron wata.

Akwai wani makiyayi a bakin gari, Malam Mati, wanda ya rantse 'ya'yansa ba za su taka makarantar boko ba. Shi da bakinsa ya ba ni labarin ranar da Malam ya je masa. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da dabbobi da ruwa, sai Mati ya tari numfashinsa.

"Malam, in dai boko ne, na hwaɗa maka, ɗiyana kiwo za su yi."

"Wa ya yi maganar boko, Malam Mati? Aro na zo. Mushtari ne ya rasa wata."

"Wane ne Mushtari kuma?"

"Gambo, ɗan ƙanenka. Wata huɗu manya gare shi, uku na samu. Ka ara mini Jannatu zuwa azahar. Ba karatu za ta yi ba, zagaye kawai za ta yi."

Mati ya dube shi da kyau. Can ya ce, "Tsaya tukun. Kana nuhin akwai wata duniya mai wata huɗu?"

"Manyan ne huɗu. Da ƙananan sun kusa ɗari."

"Innalillahi! Mu da guda ɗaya gare mu, kowace shekara sai an yi gardama kan ganinshi. Su mutanen can da wane suke ɗaukar azumi?"

"Babu mutane a can, Malam Mati."

"Alhamdu lillahi. Da masu duban wata sun sha wuya."

Ya ba da aron Jannatu zuwa azahar. Washegari yarinya ta tashi da kuka, wai idan ba ta je ba Mushtari zai tafi babu ita. Aron da bai ƙare ba ke nan sai da ta gama aji shida. Mati ya ce mini har yanzu yana jiran a mayar masa da kayansa.

Haka Malam ya bi gida-gida. Ba ya jayayya da kowa a kan amfanin boko, ba ya kawo wa mutane ƙarar hukuma. Aro yake zuwa, kuma mutanenmu suna jin kunyar hana aro. Yaro ya zo zagaye, ya zauna jiran Alhamis ta gaba, kafin ya ankara ya iya rubuta sunansa. Sannan ya kafa doka ɗaya wadda ba ya wasa da ita: duniya ba ta tafiya ta bar watanta. Idan aka ba ka wata, naka ne. Kai za ka biya gidansu da safe ka ɗauko shi, kai za ka mayar da shi, kai za ka share masa majina, idan ya ɓata kai za a tambaya. Uɗarid da Zara su ne ba su da wata ko ɗaya, saboda haka duk malalacin yaro su yake roƙo a ba shi. Malam ba ya bayarwa. Yakan ajiye su ga yaran da ya san ƙannai sun yi musu yawa a gida, don su ɗan huta.

Sai shekarun wahala suka shigo. Abinci ya fara zama labari, abin da ake aunawa da kwano aka koma aunawa da gwangwani. Farkon wadda abin ya shafa a sararin samaniyar Tungar Daudu ita ce rana. Wata Alhamis Malam ya shiga ɗaki ɗaukar kabewarsa, ya tarar da wurin wayam, ga kuma ƙamshin miyar taushe yana tashi daga madafa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Barira, ina rana?"

Ta ce, "Tana cikin tukunya, Malam. Ko ita ta shiga, ko kai ka kwana da yunwa. Na duba na ga kai ka hi ta amfani."

Barira ta ce mini ya yi fushi ƙwarai, har ya ƙi cin tuwon sai da ya ga ana shirin ba yara saura. Daga ranar babu kabewar da za a iya ajiyewa don kimiyya, sai ya ɗauko wata tsohuwar rigarsa ruwan ɗorawa ya sa, ya tsaya a tsakiyar fili da kansa. Tun daga lokacin shi ne rana. Yakan tsaya cikin zafi, gumi yana bin gemunsa, yana daka wa Mirrihi tsawa kada ya shiga hanyar Duniya.

Bayan yunwa sai ɓarayin daji. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma duk wanda ya fito daga yankinmu yana da wanda ya rasa. Malamai biyu da aka taɓa turo masa su taimaka suka tafi hutun ƙarshen mako, har yau Litinin ba ta yi musu ba. Ban ga laifinsu ba. Iyaye suka fara riƙe 'ya'yansu a gida. Malam ya janyo Naftun daga bakin kuka ya dawo da shi jikin katangar makaranta, ya matse sauran da'irorin, yana cewa, "Masana su yi mana afuwa, tsaro ya hi ƙa'ida." Ya ci gaba da bin gidaje da safe. Duniyoyi suka ci gaba da biya wa watanninsu, kuma uwa ta fi yarda ta saki ɗanta idan ta san hannun da zai riƙe shi.

Wata safiya cikin damina, ana tsakiyar darasi, aka ji ƙarar babura da yawa, sai harbi ya biyo baya daga bakin gari. Duk wanda ya san irin wannan rana ya san abin da ya fi ciwo a cikinta: kowa ya watse, ƙananan yara su bi inda ƙafa ta kai su, a kwana ana nemansu a cikin gonaki, wasu a same su, wasu ba a ƙara jin duriyarsu. Barira tana leƙowa ta katanga, ita ta ji abin da Malam ya faɗa. Bai ce a gudu ba. Da muryarsa ta ranar Alhamis ya ce, "Kowace duniya ta ɗauki watanninta! Gonar dawa, ta baya!"

Yaran ba su tsaya tunani ba, don abin da suke yi kullum ne. Mushtarin wannan shekarar ya saɓa ɗaya a kafaɗa, ya goya ɗaya, sauran suka riƙe masa riga. Jannatu, wadda aka aro zuwa azahar, a lokacin ta girma har ita ce Zuhal, kuma nata watannin sun fi na kowa yawa. Ta kwance gyalenta ta sa duk suka kama, ta ja su cikin dawa. Malam ne na ƙarshe. Ya bi da su ta cikin gonaki, a sunkuye, yana toshe bakin mai kuka da tafin hannunsa, har suka fita bakin titi. Shi kuwa Uɗarid, da yake ba shi da wata kuma gudu ne aikinsa, ya riga kowa isa titin, ya tare wata motar itace, ya tsaya a gabanta ya ƙi gusawa sai da sauran suka iso.

A ranar an kashe mutane a Tungar Daudu, an kore shanu, an ƙone rumbuna. Da yamma iyaye mata suka riƙa isowa Batsari a gigice, kowace tana kiran sunan ɗanta. Suka tarar da su zaune a gindin wata dalbejiya bayan tasha, kowane babba da ƙananansa a jiki, Malam a tsakiya babu takalmi babu hula. Ba a rasa yaro ko ɗaya na makaranta ba. Mati ya ce da ya ga Jannatu da ayarinta sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban mutane, bai ji kunya ba. Ni ma da nake rubuta wannan sai da na ajiye biro na ɗan fita waje.

Malam, kai ne ka yi wannan. Kai ne mai aron wata, wanda ya karɓi 'ya'yan mutane da wasa ya mayar musu da su a ranar da babu wasa. Mun ɗauka kana koya mana abin da ke can sama ne, inda babu wanda zai je a cikinmu. Ashe kana koya wa babba ya riƙe hannun ƙarami har ya zame masa jiki. Na san idan aka karanta maka wannan za ka ce an yi ƙari, kuma za ka gyara mini adadin watannin Mushtari. Gyara, amma sauran maganar tana nan yadda na faɗa.

Mutanen Tungar Daudu suka zauna gudun hijira a Batsari, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Yara suka fara bazuwa cikin gari, wannan talla, wannan dako. Nan maganar rufe makaranta ta taso da ƙarfi, don ga gini can an baro shi ga jemagu. Jami'in ilimi, Alhaji Armaya'u, mutumin kirki ne mai yawan aiki da ƙarancin man fetur, ya zo da kansa ya sanar da Malam. Ya same shi a gindin dalbejiyar nan, ya zana da'irori ƙanana a tsakanin masu faci da masu sayar da rake, yara suna zagaye. Kafin Alhaji ya gama sallama, Malam ya ce, "Yauwa, ranka shi daɗe, ka zo a kan gaɓa. Muna neman tauraruwa mai wutsiya. Ita jefi-jefi take zuwa, ta ratsa ta wuce, sai an daɗe a sake ganinta. Duk garin nan kai ka hi dacewa."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya ji saƙon. Ya saki babbar rigarsa tana jan ƙasa, ya ratsa ta tsakiyar duniyoyi da sassarfa, yara suna ihu suna kaucewa, masu faci suna tafi. Da ya dawo yana haki, sai ya ja Malam gefe ya ce, "Muddin kana tsaye, makarantar Tungar Daudu tana nan, ko a gindin bishiya take. Amma ka sani, ranar da ka yi ritaya, idan ban sami wanda ya yarda ya maye gurbinka ba, babu yadda zan yi. Rufewa za a yi."

Da abin ya ɗan lafa, mutane suka koma gida, don yunwar birni ta fi ƙarfin wanda ya saba da rumbu. Malam ya koma tare da su, a ƙafa, don kekensa yana cikin abin da aka kwashe. Ya share kashin jemagu, ya kaɗa ƙararrawa. Tsufa ya kama shi, gwiwa ta fara ƙara, amma hali yana nan. Kwanakin baya ya ji a rediyo cewa masana sun gano wa Zuhal ƙarin watanni fiye da ɗari, jimillarsu ta haura ɗari biyu da saba'in. Barira ta ce ya dafe kai ya ce, "Waɗannan mutane ba su da tausayi. Ina zan samo yara?" Sai ya ɗauki sandarsa ya nufi rugagen da ke kewaye, aro.

Ranar da aka yi masa walimar ritaya na taso daga Safana, kuma ba zan yi ƙarya ba, an ce za a dafa shinkafa. Aka taru a filin makaranta. Maigari ya yi jawabi, liman ya yi addu'a. Sai Alhaji Armaya'u ya miƙe, fuskarsa babu walwala. Ya ce ya yi wa malamai da yawa tayin Tungar Daudu. Wani ya kamu da gyambon ciki nan take, wani ya tuna surukarsa ba ta da lafiya, wani ya ce ƙaro karatu zai tafi, alhali tun da aka san shi ba a taɓa ganinsa da littafi ba. Ya ce idan aka dawo daga hutu babu malami, abin da ya faɗa a Batsari shi zai faru. Mu malamai da muka zo cin shinkafa kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Malam bai roƙi kowa ba. Ya miƙe da tsohuwar rigarsa ruwan ɗorawa ya ce yana da darasi ɗaya da bai taɓa koyarwa ba, a ba shi dama. Yara suka shiga da'irorinsu, ya tsaya a tsakiya, ya tafa, suka fara zagaye. Sai ya ce, "Yara, kun san abin da ke riƙe duniyoyi suna zagaye? Rana ce ke jan su. To da za a ɗauke rana, ba tsayawa za su yi ba. Kowace za ta miƙe sak inda ta fuskanta, ta yi ta tahiya cikin duhu, ba za su ƙara haɗuwa ba. Bari ku gani. In na hita, kowa shi miƙe inda ya dosa, kada ya waiwayo."

Ya fita daga tsakiya, ya koma ya zauna a kan benci.

Yaran suka bi umarni, don ba su saba ƙin maganarsa ba. Duniya ta nufi gonaki da watanta guda. Mirrihi ya doshi bayan gari. Zuhal ta ja dogon ayarinta ta nufi hanyar daji, ƙananan suna tafe suna son waiwayowa suna tsoro. Fili ya fara zama fanko. Wata 'yar ƙarama a cikin ayarin ta fashe da kuka. Na dubi Malam, ya ƙura wa ƙasa ido, bai motsa ba. Na dubi hanyar dajin. Ni mutum ne da idan salansar babur ta yi ƙara a Safana sai an lallashe ni in fito daga bayan allo, amma ban san lokacin da na ajiye kwanon shinkafa ba. Na ji kaina ina ihu, "Kai! Ku dawo nan! Ke Zuhal, ina za ki kai su? Kowa ya koma layinsa!"

Suka juyo a guje, suka koma da'irorinsu, suka ci gaba da zagaye. Sai da na ga suna wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya sannan na duba inda nake tsaye. Ina tsakiya.

Alhaji Armaya'u ya taso ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Hashimu, Allah ya saka da alheri." Na buɗe baki in ce ni ma ina da gyambon ciki, sai liman ya ja Fatiha, jama'a suka shafa. Na waiwayi Malam Abdulgaffar. Tsohon nan yana cin shinkafata.

Da na koma Safana na gaya wa matata Naja'atu, ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, "Kai ɗin?" Na ce ni ɗin. Sai ta tashi ta fara duba tukwanen da za a tafi da su.

Ga malamai 'yan'uwana, ba zan yi muku wa'azi ba, don kun san ni. Tsoro nake ji, kuma ba zan ɓoye ba. Amma na ga yadda fili yake zama idan babu kowa a tsakiya, kuma akwai irin wannan fili a ƙauyuka da yawa tsakanin Batsari da Safana, daga Yasore har Zakka, kowanne yana jiran mutum ɗaya da zai tsaya. Aji shida ne a Tungar Daudu, malami ɗaya. Duk wanda gyambon cikinsa ya yi sauƙi, akwai wuri.

Malam Abdulgaffar, mun gode. Iyayen da ka mayar wa 'ya'yansu sun gode, mu da ka koya wa riƙe fensir mun gode, har ni da ka yi wa tarko a gaban jama'a na gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa aikin nan a mizani, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Makarantarka ba za a rufe ta ba. Je ka zauna a inuwa, Malam, na karɓi yaran.